Wendell Scott: Direban da ya kafa tarihi a tseren Amurka da motocin hannu

Duk wanda ya taɓa zama cikin tsofaffin direbobi a Kwanar Dangora ko a tashar Tudun Wada ya san yadda suke ƙirga shekarunsu. Ba kasafai suke cewa shekara kaza ba. Sai dai a ji ana cewa zamanin 404, ko lokacin da aka koma 504 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta riƙa haɗawa bayan ta fara aiki a 1975, sannan J5, daga baya Golf da Sharon. Kowace mota tana da labarin wanda ya sayar da ita, da bashin da aka ci a kanta, da daren da ta mutu a tsakiyar dajin Falgore a kan hanyar Jos.

Da irin wannan ƙirga ake iya karanta rayuwar Wendell Oliver Scott, baƙar fata na farko da ya lashe tsere a babban rukunin NASCAR, hukumar da ke shirya tseren motoci mafi farin jini a Amurka. Ya yi shekara 21 yana tsere, daga 1952 zuwa 1973, kuma kusan duk motar da ya shiga fili da ita sai da wani ya gama cin moriyarta. Jerin motocin nan yana nuna abu guda: muddin filin tsere gajere ne kuma na ƙasa, gwanintar bakanike tana iya cike giɓin da rashin kuɗi ya bari. Da filaye suka yi tsawo aka shimfiɗa musu kwalta, sai kuɗi suka yi rinjaye.

Mene ne tseren motocin kasuwa?

Tseren da Scott ya yi ba irin na Formula 1 ba ne, inda ake ƙera mota musamman domin gudu. Asalinsa tsere ne na motocin da kowa ke iya saye a wurin dila, irin waɗanda ake kai iyali kasuwa da su. Ya yi ƙarfi a jihohin kudu maso gabashin Amurka, kuma tushensa yana da alaƙa da fasa-ƙwaurin barasa. Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933, kuma ko bayan ɗage haramcin masu dafa ta a ɓoye sun ci gaba da sana'arsu don kauce wa haraji. Direbobin da ke yi musu dako sukan ƙara wa inji ƙarfi, su ƙara wa safirin baya kauri don kada nauyin kaya ya tona musu asiri, amma su bar bodin yadda yake. A ƙarshen mako sai su haɗu a wani fili su gwada motar wa ta fi gudu.

Bill France ne ya tattara wannan wasa ƙarƙashin doka ɗaya lokacin da aka kafa NASCAR a watan Fabrairun 1948. Tseren farko na rukunin motocin da ba a sauya musu komai ba ya gudana a Charlotte ranar 19 ga Yunin 1949. Glenn Dunaway ne ya fara ƙetare layi cikin Ford ƙirar 1947, amma da aka binciki motar aka tarar an taɓa safirin bayanta, sai aka ƙwace nasarar aka bai wa Jim Roper mai tuƙa Lincoln. A 1950 aka sauya wa rukunin suna zuwa Grand National.

Yawancin filayen wancan zamani gajeru ne, masu siffar ƙwai, zagayensu bai wuce mita 400 zuwa 800 ba, kuma jar ƙasa ce ake yayyafa wa ruwa a daddaɓe. Motoci suna zagayawa ta hannun hagu kawai. A irin wannan fili, ƙarfin inji shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, domin idan ya yi yawa sai tayoyin baya su riƙa juyawa a banza suna watsa ƙasa. Abin da ke raba gardama shi ne yadda aka daidaita nauyin mota, da yadda direba ke barin bayanta ya zame a kwana ba tare da ta ƙwace masa ba, da kuma ko ƙafafunta za su jure ramukan da ke buɗewa yayin da tsere ya yi nisa.

Daga tasi zuwa filin Danville

An haifi Scott ranar 29 ga Agustan 1921 a Danville, jihar Virginia, garin masaƙu da kamfanonin taba. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike a gidajen wasu attajirai farar fata, kuma a wurinsa yaron ya fara koyon kwance inji. Bai kammala sakandare ba. Ya yi tuƙin tasi, sannan ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan Amurka a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a zamanin da ake ware sojoji baƙar fata a rukuninsu daban. Da ya dawo gida ya buɗe gareji, yana kuma dakon haramtacciyar barasa da dare. An kama shi a 1949, kotu ta yi masa ɗaurin talala na shekara uku.

A 1952 masu shirya tsere a filin baje-kolin Danville, waɗanda ke ƙarƙashin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Dixie Circuit, suna fama da ƙarancin 'yan kallo. Sai suka yi dabarar sanya baƙar fata a cikin tsere don jawo jama'a. Kamar yadda ɗan jarida Brian Donovan ya bayyana a littafin tarihin Scott mai suna Hard Driving, wanda ya fito a 2008, 'yan sandan garin aka tambaya wane ne ya fi iya gudu da mota, su kuwa suka ambaci mutumin da ya daɗe yana tsere musu. Ranar 23 ga Mayun 1952 Scott ya shiga tserensa na farko da ɗaya daga cikin motocin da yake dako da su. Bayan kwana 12 ya yi nasarar farko a wani ƙaramin tsere a Lynchburg.

Shiga NASCAR ba ta zo da sauƙi ba. Ya ja motarsa zuwa Winston-Salem da High Point a jihar North Carolina, aka mayar da shi daga bakin ƙofa saboda launin fatarsa. Daga bisani wani ƙaramin jami'i a filin Richmond, Mike Poston, ya sayar masa da lasisi ba tare da ya nemi izinin hedikwata ba. Ta wannan ƙaramar ƙofa ya shiga.

Tsohuwar Ford: da tsohuwar zuma ake magani

Motar da ta mamaye ƙananan filaye a farkon shekarun 1950 ita ce Ford mai ƙofa biyu ta shekarun 1930, kuma da irinta Scott ya yi suna. Dalilin farin jininta shi ne injinta mai silinda takwas, wanda kamfanin Ford ya fito da shi a 1932 ya kuma ci gaba da ƙera shi a Amurka har 1953. An ƙera miliyoyinsa, don haka kayan gyaransa suna zube a kowace bolar motoci, kamar yadda bakanike a Kano ke shiga Ƙofar Ruwa ya fito da abin da yake nema. Injin ba shi da sarƙaƙiya, kuma mutum ɗaya mai basira yana iya kwance shi ya mayar a garejin bayan gida.

Mayar da irin wannan mota ta tsere aiki ne na walda da haƙuri. Ana cire kujeru da fitilu da gilasan gefe don rage nauyi. Ana walda bututun ƙarfe a cikin bodi don kare direba idan mota ta wuntsila. Ana sanya raga a gaban lagireto don kada laka ta toshe shi inji ya yi zafi, wanda dama shi ne babban ciwon wannan inji. Ana ƙarfafa ƙafafun dama, domin a kansu nauyi ke sauka a kowace kwana.

A nan Scott ya fi yawancin abokan karawarsa, domin shi ne direba, shi ne bakanike, shi ne mai mota. Abin da ya ji a sitiyari ranar Asabar shi zai gyara da hannunsa ranar Litinin. Ya kuma koyi tuƙi na lallaɓawa, saboda ya san idan ya fasa mota babu mai saya masa wata. Wasu direbobi sun riƙa bangaje shi da gangan, an sha yanka masa tayoyi, 'yan kallo suna jifansa da zagi. Bai cika ramawa ba, domin ya san hukuncin da za a yi masa ba zai zama daidai da na farar fata ba. A hankali wasu direbobin suka fara girmama shi, har suna tsaya masa idan rigima ta taso.

A cikin shekara tara ya lashe tsere fiye da 100 a ƙananan rukunoni. A 1959 ya zama zakaran filin Southside da ke kusa da Richmond, ya kuma lashe kambun jihar Virginia na rukunin Sportsman.

Chevrolet ta 1960: shiga sahun manya

Babban rukuni yana da wata doka da ta sauya lissafi: sai da mota ta kwanan nan ake shiga. Tsohuwar Ford ta bola ba ta da gurbi. Manyan direbobi suna samun sababbin motoci da injuna daga kamfanoni ko daga attajiran da ke ɗaukar nauyinsu. Scott ba shi da ko ɗaya, don haka ya sayi Chevrolet ƙirar 1960 daga hannun Buck Baker, wanda ya taɓa zama zakaran rukunin sau biyu, a 1956 da 1957.

Da ita ya fara tseren Grand National ranar 4 ga Maris 1961 a Spartanburg, jihar South Carolina. Ya shiga tsere 23 a wannan shekara, kuma ya fi duk sababbin shiga tara maki, amma kyautar gwarzon sabon direba aka miƙa wa Woodie Wilson. Lambar da ya rubuta a ƙofar motarsa, 34, ita ta bi shi kusan har ƙarshen aikinsa.

Ma'aikatansa a gefen fili 'ya'yansa ne, Wendell ƙarami da Frank, da wasu abokai. Akwai lokutan da shi kansa yake fitowa daga mota a tsakiyar tsere ya taimaka a sauya taya, ya koma ya ci gaba. Tafiya daga gari zuwa gari ma jarrabawa ce, domin a Kudancin Amurka na lokacin yawancin otal-otal da gidajen abinci ba sa karɓar baƙar fata. Filin Darlington, ɗaya daga cikin mafiya daraja, ya ƙi karɓar takardarsa ta shiga har sai bayan da aka sanya hannu kan dokar 'yancin jama'a ta 1964.

Duk da haka, a watan Yulin 1962 ya fi kowa gudu a gwajin share fage a filin ƙasa na Savannah, jihar Georgia, ya samu gurbin farko a layin tashi. Wannan ne karo ɗaya tak da ya samu haka a babban rukuni, kuma ba mamaki da ya kasance a gajeren fili na ƙasa.

Chevrolet ta 1962 da ranar Jacksonville

A farkon 1963 kamfanin General Motors, mai ƙera Chevrolet, ya janye hannunsa daga harkar tsere. Manyan direbobi suka fara komawa Ford da Plymouth, suna sayar da Chevrolet ɗinsu. Ned Jarrett, zakaran 1961, yana cikin waɗanda suka koma Ford, kuma daga hannunsa Scott ya sayi Chevrolet Bel Air ƙirar 1962. Wato motar da za ta shigar da shi tarihi mota ce da mai ita ya bari, wadda kamfaninta ma ya juya wa baya.

Ranar 1 ga Disamban 1963 aka yi tsere a filin Speedway Park da ke Jacksonville, jihar Florida. Fili ne na ƙasa mai zagayen rabin mil, kuma an tsara zagaye 200, jimillar mil 100, kimanin kilomita 160. Kwatankwacin tafiya ce daga birnin Kano zuwa cikin dajin Falgore, sai dai a nan ana yin ta ne a cikin da'irar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, tare da kwana 400 zuwa hagu.

Filin ya farfashe a ranar, ramuka suka yi ta karya ƙafafun motoci. Waɗanda suka fi ƙarfin inji suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya. Richard Petty ya daɗe yana kan gaba kafin gargadar ta lalata masa sitiyari, kuma saura zagaye 25 Scott ya wuce shi. Ya kammala zagaye na 200, ba a ɗaga masa tuta ba. Ya ƙara ɗaya, shiru. Ya ƙara na biyu. Sai aka ɗaga tutar nasara ga Buck Baker, mutumin da ya sayar masa da motarsa ta farko a babban rukuni.

Scott ya shigar da ƙorafi nan take. Bayan sa'o'i ana bin takardun ƙirga, jami'ai suka amince cewa ya yi zagaye 202, ya tsere wa Baker da zagaye biyu. A lokacin 'yan kallo sun watse, Baker ya tafi da kofi. An ba Scott kuɗin nasara, dala 1,000, ba kofi ba biki. Jami'ai sun ce kuskuren ƙirga ne, kuma gaskiya ne cewa a zamanin ana ƙirga zagaye da hannu, kuskure yana faruwa. Amma Scott da iyalinsa, da marubuta da dama bayansu, sun tafi a kan cewa an yi haka ne don kada a ga baƙar fata a dandalin nasara tare da sarauniyar kyau farar fata, wadda bisa al'adar wasan takan sumbaci wanda ya yi nasara.

Zamanin Ford: tsira da ragowar wasu

Daga tsakiyar shekarun 1960 Scott ya koma Ford, kuma a cikinta ya yi mafi yawan sauran shekarunsa, daga babbar Galaxie zuwa Torino. Dalilin a fili yake. Ford na zuba kuɗi a tsere ta hannun kamfanin Holman-Moody da ke Charlotte, don haka ragowar kayanta sun fi yawa a kasuwa. Injin da babban direba ya yi tsere ɗaya ko biyu da shi ya ajiye, ko tayar da ta ɗan ci, su ne jarin mai ƙaramin ƙarfi. Jarrett na cikin waɗanda suka riƙa taimaka masa da kaya. Abin da bai taɓa samu ba shi ne cikakken ɗaukar nauyi daga wani kamfani.

Lissafinsa ya zama irin na direban haya da ke bin doguwar hanya da motar bashi: abin da ya fi muhimmanci shi ne a isa. Idan ya matsa wa inji don ya kamo na gaba, inji na iya fashewa ya rasa kuɗin mako da na makon gaba. Idan ya lallaɓa ya ƙare na takwas ko na goma, zai samu abin sayen fetur da taya da abincin gida mai 'ya'ya bakwai. Tsarin maki na lokacin yana saka wa mai yawan shiga da yawan kammalawa, kuma a wasu shekarun ana yin tsere kusan 50 ko fiye.

Sakamakon wannan dabara yana cikin alƙaluma. Ya ƙare na 12 a jerin maki na 1964, na 11 a 1965, na 6 a 1966, na 10 a 1967, sannan na 9 a 1968 da 1969. Shekarar da ya fi samun kuɗi ita ce 1969, da dala 47,451, kuma daga ciki ne zai sayi injuna da tayoyi da man tafiya. Matsayi na shida a ƙasa baki ɗaya, da motar da aka harhaɗa a garejin bayan gida, a gaban direbobi da dama masu goyon bayan kamfani, shi ne babban abin da masana wasan ke nunawa idan ana maganar gwanintarsa, fiye ma da nasarar Jacksonville.

Lokacin da fili ya fi ƙarfin gareji

Yayin da Scott ke tara maki, wasan yana sauya kama a ƙarƙashin ƙafarsa. An buɗe filin Daytona mai zagayen kilomita huɗu a 1959, sannan Talladega da ya ɗara shi tsawo a 1969. A irin waɗannan filaye na kwalta mota tana tafiya da cikakken wuta kusan ko'ina, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfin inji da yadda bodi ke ratsa iska. Kamfanoni suka shiga ƙera motoci na musamman, irin su Ford Torino Talladega da Dodge Charger Daytona a 1969, da Plymouth Superbird mai dogon hanci da fiffike a 1970. Sunan motar kasuwa ya rage, amma abin da ke ƙarƙashin bodi ya daina kama da na dila.

Ranar 30 ga Satumban 1970 aka yi tseren ƙasa na ƙarshe na wannan zamani a babban rukuni, a Raleigh. A 1971 kamfanin taba na R.J. Reynolds ya fara ɗaukar nauyin gasar, kuma a 1972 aka rage yawan tsere daga 48 zuwa 31, aka zubar da gajerun. Waɗannan gajerun kuwa su ne gonar Scott da sauran direbobi masu cin gashin kansu.

A 1972 shugaban filin Charlotte, Richard Howard, ya shirya masa Chevrolet daga garejin Junior Johnson don tseren World 600, aka yi ta tallata cewa a karon farko zai tuƙa mota ta gani ta faɗa. Injin bai kai ƙarshen tseren ba.

Mercury: motar da ta cinye komai

Scott ya kai shekara 51 a 1973, kuma ya fahimci cewa ragowar kaya ba za su ƙara kai shi ko'ina ba. Sai ya yi abin da ya shekara 20 yana gudu. Ya ci bashi mai yawa, har da jinginar da kadararsa, ya haɗa Mercury da injin da zai iya gogayya a babban fili. Ita ce mota mafi kyau da ya taɓa mallaka.

Ya kai ta Talladega, jihar Alabama, ranar 6 ga Mayun 1973. Motoci 60 suka tashi a tseren, adadin da ya yi wa filin yawa. Ba a yi zagaye goma sha ba injin motar Ramo Stott ya fashe, baƙin mai ya malale a kan kwalta, hayaƙi da ƙura suka rufe hanya. Motoci kusan 20 suka afka wa juna. Scott ya samu karaya a haƙarƙari da ƙugu da ƙafa, da mummunan rauni a hannu. Mercury kuwa ta tashi daga aiki a ranar farko da ta shiga babban tsere, kuma ya shafe shekaru yana biyan bashinta.

Ya sake shiga tsere sau ɗaya a watan Oktoban wannan shekara a Charlotte, cikin Dodge ta wani, ya ƙare na 12. Daga nan ya koma garejinsa a Danville. Jimillar abin da ya bari a babban rukuni: tsere 495, nasara ɗaya, shiga biyar na farko sau 20, shiga goma na farko sau 147.

Kofin da ya yi shekara 57 a hanya

A 1977 aka yi fim mai suna Greased Lightning a kan rayuwarsa, Richard Pryor ya fito a matsayinsa. Scott ya rasu ranar 23 ga Disamban 1990 sakamakon ciwon daji a ƙashin baya, bai taɓa riƙe kofin Jacksonville ba. Bayan rasuwarsa aka sanya wa titin gidansa a Danville sunansa. A 2010 wata ƙungiyar masu tarihin tsere a Jacksonville ta miƙa wa iyalinsa kwafin kofin. A watan Janairun 2015 aka shigar da shi zauren gwarazan NASCAR, baƙar fata na farko da ya samu wannan matsayi. Sai a watan Agustan 2021 hukumar da kanta ta miƙa wa iyalin kofi a Daytona.

Makonni kaɗan bayan haka, ranar 4 ga Oktoban 2021, Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya lashe tsere a babban rukuni. Ya yi nasarar ne a Talladega, filin da ya karya Scott, cikin Toyota ta ƙungiyar da shahararren ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ke cikin masu ita. Tazarar da ke tsakanin nasarorin biyu ta kusa shekara 58, kuma bambancin motocin biyu yana bayyana kaɗan daga dalilin wannan tazara.

Idan aka jera motocin Scott, tun daga motar dako ta 1952, da tsohuwar Ford ta bola, da Chevrolet ɗin Baker, da ta Jarrett, da Galaxie da Torino na ragowar kaya, har zuwa Mercury ta bashi, za a ga cewa waɗanda suka ciyar da gidansa su ne waɗanda ya saya da arha ya kuma san kowane ƙusa a jikinsu. Direbobin da ke ratsa Falgore kullum da motocin Kwatano, waɗanda suka gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su fara ta biyu a nan, ba sa buƙatar a fassara musu wannan lissafi. Sun san abin da kunnen direba ke ji a inji kafin ya tsaya, sun kuma san abin da ke faruwa da gida idan motar da aka ci bashi a kanta ta kwanta a mako na farko.